Tsaga a sandar inji mai juyawa: me ya sa ake kasa ganinta da wuri, kuma me lissafi ke iya faɗa?

Duk lokacin da aka ji babban inji ya tarwatse a tashar wutar lantarki, ko sandar ƙafar jirgin ƙasa ta karye ana cikin tafiya, tambayar da ke biyo baya ɗaya ce: ta yaya ƙarfe mai kaurin haka zai yi ta tsagewa har ya rabe biyu ba wanda ya farga? A 'yan shekarun nan tambayar ta ƙara zafi, domin masu tallar na'urorin sa ido da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna cewa yanzu inji da kansa zai faɗi ciwonsa kafin ya kwanta. In haka ne, me ya sa har yau injiniyoyi ke fama da lissafin sanda mai tsaga, wanda aka soma tun shekarun 1970?

Dalilin shi ne tsaga ba ta ƙara yawan jijjigar inji sosai sai ta kusa gama aikinta. Abin da take fara taɓawa shi ne salon jijjigar, kuma wanda bai san irin salon da yake nema ba zai iya zura wa allo ido wata da watanni bai ga komai ba. Lissafin nan shi ke gaya masa inda zai duba.

## Yadda ƙarfe ke gajiya

A cikin kowane inji mai juyawa akwai sandar ƙarfe da ke kai juyi daga wannan ɓangare zuwa wancan, wadda makanikai ke kira shaf. Ita ke haɗa tabain, wato injin farfela da tururi ko ruwa ke juyawa, da janareta, ita ke juya farfelar jirgin ruwa, tana cikin manyan famfunan matatun mai, kuma a kan irinta ƙafafun jirgin ƙasa suke. Tana zaune a kan boris a wurare biyu ko fiye, a tsakaninsu kuwa rataye take da nauyinta da na abin da aka ɗora mata.

Daga wannan rataya matsalar ke tasowa. Sandar da ke kwance, komai kaurinta, sai ta ɗan lanƙwasa ƙasa, ko da ido ba ya gani. Ƙarfen da ke ƙasanta yana miƙewa, na samanta yana matsewa. Da ta yi rabin zagaye, na ƙasa ya koma sama, wanda ya miƙe ɗazu yanzu shi ake matsewa. Janaretan da ke ba da wuta mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa yakan yi zagaye 3,000 a minti, a Amurka kuwa inda ake amfani da 60 yana yin 3,600. A gudun 3,000, kowane ɗigon ƙarfe a bayan sandar zai miƙe ya matse sau 4,320,000 a rana guda, sama da sau biliyan ɗaya da rabi ke nan a shekara idan injin bai tsaya ba. Wannan jeka-ka-dawo shi ke haifar da abin da ake kira gajiyar ƙarfe. Tsagar kan fara daga inda kauri ya sauya kwatsam, ko gurbin da aka yanka don ɗaure faifai, ko ɗan ramin da tsatsa ta ci.

An koyi wannan darasi da tsada. A ranar 8 ga Mayun 1842, sandar ƙafar kan jirgin da ya taso daga Versailles zuwa Faris ta karye, taragai suka hau juna suka kama wuta, mutane fiye da 50 suka rasu. Shekara guda bayan nan William Rankine ya nuna cewa irin waɗannan sanduna daga ƙaramar tsaga suke fara karyewa, a gindin kafaɗa mai kaifi, tana ci a hankali. August Wöhler a Jamus ya shafe shekaru yana juya sandunan jirgin ƙasa a injin gwaji, zuwa 1870 ya tabbatar da cewa nauyin da bai isa ya karya ƙarfe a karo ɗaya ba zai karya shi idan aka yi ta maimaitawa.

A farkon shekarun 1960 Paul Paris ya kawo ƙa'idar da ke faɗin saurin cin tsagar. A yawancin ƙarafa, idan aka ninka matsin da ke bakin tsaga sau biyu, cin da take yi a kowane zagaye yakan ninka wajen sau takwas. Kuma tsagar da kanta, tana zurfi tana ƙara matsin bakinta. Shi ya sa take iya yin shekaru tana rarrafe, sannan ta cinye ragowar sandar cikin ɗan lokaci.

## Gudun haɗari

Kafin a kai ga tsaga sai an fahimci lafiyayyar sanda. Kowace sanda tana da saurin kaɗawarta na halitta, wanda ya dogara da nauyinta da tsaurinta. Kuma babu sandar da nauyinta ya daidaita ɗari bisa ɗari, kullum akwai ɗan rinjaye a gefe guda da ke fizgarta sau ɗaya a kowane zagaye. Idan saurin juyi ya yi daidai da saurin kaɗawar halitta, sai abin ya zama kamar lilo da ake turawa daidai lokacin da ya dawo: ƙaramin turi, amma kowanne na hawa kan na baya, har lilon ya yi sama. Wannan shi ne gudun haɗari.

Rankine a 1869 ya ɗauka sanda ba za ta iya aiki sama da wannan gudu ba. Gustaf de Laval na Suwidin ya ƙaryata hakan a aikace a shekarun 1880, da tabain mai siririyar sanda da ke gudu nesa sama da shi. August Föppl a 1895 da Henry Jeffcott a 1919 suka bayyana dalili da lissafi, ta hanyar samfuri mai sauƙi ƙwarai: faifai ɗaya mai nauyi a tsakiyar sanda marar nauyi, a kan boris biyu. Har gobe da wannan samfuri ake fara koyar da fannin. Manyan tabain na yau sama da gudun haɗarinsu na farko suke aiki, don haka duk lokacin tayarwa ko tsayarwa sai sun ratsa ta cikinsa. A riƙe wannan, domin a nan tsaga ta fi tona kanta.

## Tsaga mai numfashi

Samfurin lissafi ba komai ba ne illa jerin ma'aunan lissafi da ke cewa: ga nauyi, ga tsauri, ga abin da ke shanye jijjiga kamar man boris, ga ƙarfin da ke turi, to ga yadda sandar za ta motsa. A lafiyayyar sanda mai zagayayyen jiki tsauri lamba ce tsayayya. Da tsaga ta shigo sai lambar ta daina tsayawa.

Idan tsagar ta zo ƙasa, inda ƙarfe ke miƙewa, bakinta na buɗewa, sandar ta yi laushi ta ƙara lanƙwasa. Idan ta hau sama sai leɓunanta su haɗe su matse, sandar ta koma tamkar ba abin da ya same ta. Masana na kiran wannan numfashin tsaga, kuma kusan dukkan taƙaddamar fannin a kan yadda za a rubuta wannan numfashi take.

A 1976, a wani taron injiniyoyi a Kambirij da ke Ingila, aka gabatar da ayyukan da suka zama harsashi. Robert Gasch na Jamus ya ɗauki hanya mafi sauƙi: tsaga ko a buɗe take gaba ɗaya ko a rufe, babu tsaka-tsaki. Ga ƙaramar tsaga wannan na wadatarwa. Mayes da Davies, waɗanda ke aiki da hukumar samar da lantarki ta Birtaniya ta lokacin, suka nuna daga baya cewa tsaga mai zurfi a hankali take buɗewa tana rufewa, suka rubuta hakan da ma'aunin lissafi mai hawa da sauka a hankali da ke bin kusurwar juyi.

Wata hanyar ta fito daga ilimin karyewar ƙarfe, wanda Griffith ya aza tubalinsa a farkon shekarun 1920, George Irwin ya faɗaɗa shi a 1957. Andrew Dimarogonas, Bagirke da ya yi aiki da kamfanin General Electric, shi da Papadopoulos suka yi amfani da shi wajen lissafa ainihin laushin da tsaga mai zurfi kaza ke jawowa. Aikinsu ya fito da wani abu da ba a zata ba. A lafiyayyar sanda, lanƙwasa daban, murɗawa daban, miƙewa ta tsawo daban, ba ruwan wani da wani. Tsaga kuwa tana ƙulla su, ta yadda idan ka murɗa sandar za ka ga amsa a jijjigarta ta gefe. A 2004 Darpe da abokan aikinsa a Delhi suka ƙara gyara: maimakon a ƙayyade numfashin tun farko, a bar lissafi ya gano a kowace kusurwa wane yanki na bakin tsagar ke buɗe, wane ke rufe.

A yau ana iya yanka sandar a kwamfuta zuwa dubban ƙananan gutsattsari a lissafa yadda leɓunan tsagar ke haɗuwa. Ya fi kusa da gaskiya, amma yana cin lokaci, don haka abin da aka fi yi shi ne a yi wannan lissafi mai nauyi a kan ɗan yankin tsagar kaɗai, a ɗauki sakamakon a saka cikin samfuri mai sauƙi na dukkan injin. A ganina samfurin Gasch, duk da tsufansa, bai cancanci raini ba: manyan alamomin da ake nema a masana'antu duk sun fito a cikinsa.

## Alamomin da lissafin ya nuna

Mutane da yawa na zaton tsaga za ta rage saurin kaɗawar halitta ta yadda za a gane nan take. Tana ragewa, amma kaɗan ne ƙwarai, domin laushin a ɗan wuri guda yake cikin doguwar sanda, kuma rabin lokaci tsagar a rufe take. Sauyin zafin man boris kaɗai zai iya motsa gudun haɗari fiye da yadda ƙaramar tsaga za ta yi.

Alamar da ta fi amfani tana cikin ƙidayar bugun jijjiga. Rinjayen nauyi na bugawa sau ɗaya a zagaye, abin da injiniyoyi ke rubutawa 1X. Sanda mai tsaga kuwa ta fi laushi ta fuska ɗaya fiye da ɗayar, kuma a zagaye guda fuskar mai laushi na daidaita da jan nauyi sau biyu, sai a sami bugu biyu, wato 2X. Numfashin na ƙara nasa a 1X, ya kuma haifar da 3X. Na'urori biyu da ke auna tazarar sandar ba tare da taɓa ta ba, waɗanda ake kafawa a kusurwar digiri 90 da juna, su ke ɗauko motsin, lissafin Fourier kuma ya rarrabe shi bugu-bugu.

Ga inda dabarar take. A ce gudun haɗarin wata sanda 1,200 ne a minti. Idan tana juyi a 600, bugun 2X na faɗowa sau 1,200 a minti, daidai da kaɗawarta ta halitta, sai jijjiga ta kumbura a gudun da lafiyayyar sanda ke wucewa lami lafiya. Haka ma a 400 saboda 3X. Idan aka zana hanyar da cibiyar sandar ke bi a kusa da rabin gudun haɗari, za a ga ɗan madauki a cikin da'irar, yana juya fuska yayin da ake ratsa wurin. Saboda haka bayanan da ake ɗauka lokacin tsayar da inji, yana saukowa ta cikin kowane gudu, sun fi na watannin aiki daraja wajen farautar tsaga. Abin takaici, su ne aka fi sakaci da adanawa.

Akwai kuma kusurwar jijjiga, wato a wane wuri na zagayen bugun ke kai ƙololuwa idan aka auna da alamar da ke jikin sandar. Tsaga kan lanƙwasa sandar, lanƙwasar ta haɗu da rinjayen da ke nan tun asali. Idan sun fuskanci gefe guda jijjiga ta ƙaru. Idan sun saɓa, jijjigar 1X na iya raguwa alhali tsagar na ci. Mai kallon jimillar jijjiga kawai zai ce inji ya samu sauƙi. Wanda ke bin kusurwa yau da gobe shi zai ga tana tafiya.

## Masu kama da tsaga

Da 2X ta tsaga ce ita kaɗai, da an huta. Rashin saiti tsakanin sanduna biyu da aka haɗa na ba da 2X. Sassaucin ƙusoshin gindin boris na ba da ita, gogar sanda da jikin inji ma haka. Sandar janareta mai maganaɗisu mai kai biyu tun daga masana'anta ba ta da tsauri iri ɗaya ta kowace fuska, saboda ramukan wayoyi a gefe biyu suke. Masu ƙira na yanka wasu ramuka don su daidaita ta, amma ragowar 2X ba ta ɓacewa ɗungurungum.

Kuskure mafi haɗari shi ne a ga jijjiga ta tashi a ɗauka rinjaye ne, a ɗaura ɗan nauyi a yi balansin. Jijjiga za ta sauka, kowa ya koma bakin aiki. Bayan ɗan lokaci ta dawo, a sake balansin. Injin da ke neman balansin a kai a kai, ko wanda amsarsa ga nauyin da aka ɗaura ta saɓa wa yadda ya saba, ya kamata a zarge shi da tsaga har sai an tabbatar babu.

## Inda samfurin ke tuntuɓe

Yawancin lissafin numfashi ya ginu ne a kan zato ɗaya: nauyin sandar ya rinjayi kowane ƙarfi, shi ke buɗe tsaga yana rufe ta. A manyan tabain da ke kwance zaton ya yi. A sandar da ke tsaye, irin ta tabain ɗin madatsar ruwa ko wasu manyan famfuna, nauyi ba ya lanƙwasa ta gefe, sai turin ruwa ko wani ƙarfi ya maye gurbinsa, kuma ba kullum ake sanin girmansa ba. A ƙananan sanduna masu tsananin gudu, jijjigar da kanta ke buɗe tsagar, tsagar kuma ta sauya jijjigar, sai lissafin ya zama mai cin kansa, ƙaramin sauyi a farko na iya kai shi wani wuri daban.

Zafi ma na da ta cewa. Idan tururi ya ɗumama bayan sandar fiye da cikinta, fatar ƙarfen na kumbura ta danne bakin tsagar, alamomi su yi ƙasa. Idan bayan ya huce da sauri sai tsagar ta wangale. Jijjigar da ke sauyawa duk lokacin da zafin tururi ya sauya ita ma abar tuhuma ce.

Sannan ba kowace tsaga ce ke yanke sandar a gicciye ba. Murɗawa na haifar da tsaga a karkace, wajen digiri 45. A tashar Mohave da ke jihar Nevada, a 1970 da kuma 1971, sandar janareta ta lalace saboda kaɗawar murɗawa da ta samo asali daga layin dakon wutar da kansa, irin kaɗawar da na'urar auna jijjigar gefe ba ta cika gani ba. A tashar Gallatin ta jihar Tennessee kuwa, a Yunin 1974, sandar tabain ta fashe ana cikin tayar da inji, daga tsagar da ta girma a cikin cikin ƙarfen kusa da ramin da ke ratsa tsakiyar sandar. Irin wannan ba ta numfashi da juyi. Maganinta sai a tsayar da inji a bincike shi da sautin da ya wuce jin kunne, wanda ke ratsa ƙarfe ya dawo da amsa.

## Ƙirƙirarriyar basira za ta maye gurbin lissafin?

Masu goyon baya na cewa a daina wahalar rubuta numfashin tsaga, a zuba wa manhaja bayanan jijjiga ta koya da kanta. Suna da hujja: manhaja ba ta gajiya da kallo, tana iya haɗa zafi da nauyin aiki da jijjiga ta hango sauyin da ɗan Adam zai tsallake.

Masu ja da su na tambaya: da wane misali za ta koya? Tsagar babbar sanda abu ne da ba ya yawan faruwa, kuma ba mai tashar da zai bar tabain ɗinsa ya tsage don a tara bayanai. Yawancin misalan koyarwa daga ƙananan sandunan ɗakin gwaji suke, wasu ma da zarto aka yanke su, yankan zarto kuwa ba ya rufewa yadda tsagar gajiya ke yi. Sauran misalan daga samfurin lissafi ake samar da su. Ke nan manhajar na gadon duk kuskuren da ke cikin samfurin.

Akwai wata wahala da ta shafi ɓangarorin biyu. Idan ka ba samfuri wurin tsaga da zurfinta, zai faɗa maka jijjigar da za a gani, wannan ya samu. Abin da mai inji ke so kishiyar haka ne: ga jijjiga, ina tsagar take, zurfinta nawa? Ƙaramar tsaga a tsakiyar sanda da babba a kusa da boris na iya ba da alamu masu kama da juna, kuma na'urorin awo a wajen boris kaɗai suke. Masu bincike a Milan, irin su Bachschmid da Pennacchi, sun nuna ana iya kusantar amsar idan akwai ingantaccen samfurin wannan injin takamaimai, haɗe da bayanansa na lokacin da yake lafiya. Sharaɗin nan na biyu shi ne wanda na fi ganin ana raina shi.

## Wanda abin ke shafa

Talaka ba ya ganin sandar tabain, amma yana ganin sakamakonta. Ana ƙera babbar sanda ne bisa oda, daga 'yan tsirarun masana'antu a duniya, kuma jiran sabuwa na iya ɗaukar watanni masu yawa. Idan aka kama tsaga da wuri, a wasu lokuta ana iya yanke wurin a yi walda ko a gyara siffarsa. Idan sandar ta karye tana gudun 3,000 a minti, takan tafi da injin gaba ɗaya, man boris ya kama wuta, gutsattsarin ƙarfe su fasa gini, ma'aikata na ciki. Wutar da tashar ke bayarwa sai an nemo ta wani wuri da tsada, ko a rasa ta.

A jirgin ƙasa rayuka ne kai tsaye. A daren 29 ga Yunin 2009, a Viareggio ta Italiya, sandar ƙafar wani tarago mai ɗauke da iskar gas ta karye saboda tsagar gajiya, jirgin ya sauka daga layi, gas ya kama wuta a cikin unguwa, mutane 32 suka rasu. A irin waɗannan sanduna an fi dogara da binciken lokaci-lokaci, kuma lissafin saurin cin tsaga na cikin abin da ake dubawa wajen sa tazarar da ke tsakanin bincike da bincike, ta yadda tsagar da aka tsallake a karon farko ba za ta kai ga karya sandar ba kafin karo na biyu.

A tashar lantarki kuwa shawarar a hannun mutum take ƙarewa. Ƙa'idoji irin su ISO 20816 sun sa iyakar yawan jijjiga, sun kuma ce a lura da sauyinta ko da ba ta kai iyakar ba. Injiniyan da ya ga 2X na hawa a hankali, kusurwar 1X na tafiya, alhali jimillar jijjiga na cikin yankin lafiya, dole ya shawo kan shugabanninsa a tsayar da injin da a idon kowa ƙalau yake. Babban tabain na ɗaukar kwanaki kafin ya huce a buɗe shi, kuma ana iya buɗewa a tarar rashin saiti ne kawai. Abin da zai iya ajiyewa a teburin taron shi ne zanen saukowar injin ta bana kusa da ta bara, da lissafin da ke nuna zurfin tsagar da zai iya haifar da bambancin da ke tsakaninsu, da ƙiyasin makonnin da suka rage idan tsagar ce.